Aiki Daga Nesa: Amfaninsa da Illolinsa ga Al'ummar Sabon Birni da Isa

Kamar yadda jama'a suka sani, a 'yan shekarun nan an samu gagarumin sauyi dangane da yadda ma'aikata ke gudanar da ayyukansu a sassa daban-daban na duniya, inda ma'aikaci kan zauna a gidansa ko a wani gari dabam, ya aiwatar da aikin da aka ɗora masa ta hanyar wayar salula ko na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba tare da ya taka ƙafa zuwa ofis ba. Wannan shi ake kira aiki daga nesa, wasu kuma su ce aiki daga gida. A manyan birane ana ɗaukar abin a matsayin ci gaba da kuma hutu daga cunkoson motoci. A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa kuwa lalura ce ta kawo shi, domin annoba da tsadar mai da rashin tsaro a kan hanya sun haɗu sun sa zuwa wurin aiki ya zama abin da mutum zai yi shawara da iyalinsa kafin ya kama hanya. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'ar karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi bayani a kan wannan tsari, irin abin da zai iya yi mana, da kuma inda zai iya cutar da mu idan ba a yi hattara ba.

Yadda abin ya iso gare mu

Tunanin ya daɗe a ƙasashen waje. Tun a 1973, lokacin da Amurka ta shiga matsalar man fetur, wani injiniya mai suna Jack Nilles ya soma nazarin yadda za a riƙa kai aiki wurin ma'aikaci maimakon a riƙa ɗauko ma'aikaci zuwa wurin aiki. Amma abin bai game duniya ba sai da cutar korona ta ɓulla. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da ita a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas, kuma kafin watan Maris ya ƙare Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya umurci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida su yi aiki daga can. Aka rufe makarantu, jihohin Arewa da dama suka koma koyar da yara ta gidajen rediyo, tarurrukan manyan jami'ai kuma suka koma kan manhajar Zoom.

Bayan annoba ta lafa wasu jihohi ba su koma yadda suke a da ba. A watan Disamba na 2021 Jihar Kaduna ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu a mako, aka bar Juma'a ta zama ranar aiki daga gida. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a 2024. Wannan ya sa jihohin Edo da Kwara suka sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a 2023, Legas ita ma ta ɗauki irin wannan mataki a watan Fabrairu na 2024.

Dalilin waɗancan jihohi kuɗin mota ne. Namu ya fi haka nauyi. Duk mai bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Goronyo zuwa Sabon Birni, ko wanda ya san yadda matafiya suka shafe shekaru suna ƙaurace wa hanyar Isa ta dajin Gundumi, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka ƙona motar fasinja a yankin Gidan Bawa da matafiyan da suka taso daga Sabon Birni a cikinta, aka rasa fiye da mutum 20. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana kan hanyar komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. Allah ya jiƙansu da rahama. A irin wannan hali, duk tafiyar da waya za ta iya ɗauke wa ma'aikaci ko talaka, riba ce da ba a auna ta da kuɗi.

Kakanninmu sun riga mu

Kada a ɗauka cewa tafiyar da aiki daga nesa baƙon abu ne a ƙasar nan. Daular Usmaniyya ta riƙe masarautu tun daga nan Sakkwato har zuwa Adamawa ta hanyar wasiƙu, ofishin Waziri, tun daga zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne ke aikawa da karɓar saƙonni. Wasiƙa takan yi makonni a hanya, amma idan ta isa ba a shakkarta, domin tana ɗauke da hatimi, kuma an san manzon da ya kawo ta.

Akwai kuma wani darasin da ya fi wannan kusa da batunmu. Kafin zuwan Turawa, a masarautu irin su Kano da Zazzau, yawancin hakimai a cikin birni suke zaune kusa da fada, jakadu ne ke kai da komowa tsakaninsu da garuruwan da ke ƙarƙashinsu. Hakimi bai san ƙasarsa ba sai abin da jakada ya faɗa masa, talaka kuma bai san hakiminsa ba sai abin da jakada ya nema da sunansa. Tarihi ya nuna cewa an yi kuka ƙwarai da zaluncin wasu jakadu. A shekarun farko na mulkinsu Turawa suka yanka gundumomi, suka tilasta wa hakimai fita daga birni su zauna a cikin jama'ar da suke mulka. Ba don ƙaunar talaka kaɗai suka yi haka ba, haraji suke so ya shigo daidai, amma dai sun gane cewa nisa tsakanin mai iko da jama'a yana buɗe ƙofa ga 'yan tsakiya. Mun kawo wannan tarihi ne domin za mu sake bukatarsa a gaba.

Inda amfanin yake

Akwai ayyukan da asalinsu tattara bayani ne da aika shi, kuma waɗannan su suka fi dacewa da wannan tsari. A ɗauki misalin jami'in kula da alƙaluman lafiya na ƙaramar hukuma. Kowane wata asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya na mazaɓu kan cike fom na adadin matan da suka zo awon ciki, da yaran da aka yi wa riga-kafi, da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kama. A da sai an ɗauki takardun nan a mota har hedikwata. Yanzu ana shigar da su cikin manhajar DHIS2, wadda hukumomin lafiya na ƙasa ke amfani da ita, jami'i a Sakkwato ko Abuja ya gan su a rana ɗaya. Haka jami'in da ke Kurawa ko Turba zai iya ɗaukar hoton fom ɗinsa da waya ya aiko, ba sai ya hau kabu-kabu ya ratsa daji ba. Idan amai da gudawa ya ɓulla a wani ƙauye da damina, bambancin kwana ɗaya da kwana huɗu wajen isar labari shi ne bambancin rayuka.

Irin haka ne ga ma'aikatan kuɗi da masu shirya takardun albashi, da jami'an tsare-tsare, da mu kanmu ma'aikatan watsa labarai. Albashi ya daɗe da komawa banki, kuma ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya koya wa mutanen ƙauye da yawa tura kuɗi ta waya da mu'amala da masu POS, ko da yake darasin ya zo da wahala. Taron da a da sai shugabannin sassa sun kwana a Sakkwato saboda shi, an kashe kuɗin mai da na masauki, yanzu ana iya gama shi cikin sa'a guda ta waya. Malamin gona yana iya naɗar saƙon murya da Hausa a kan yadda ake gane tsutsar da ke cin masara, ko lokacin da ya dace a sa taki, ya tura wa shugabannin ƙungiyoyin manoman fadamar Rima ta WhatsApp, wanda bai iya karatun boko ba ma ya saurara ya ƙaru.

Masu bincike sun auna abin a wasu wurare. Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ta Amurka da abokan aikinsa sun yi gwaji na wata tara a wani kamfanin shirya tafiye-tafiye na ƙasar Sin mai suna Ctrip, tsakanin 2010 da 2011, suka gano cewa ma'aikatan amsa waya da aka bari a gida sun ƙara yawan aikinsu da kashi 13 cikin 100. Amma a cikin binciken akwai abin da masu yabon tsarin ba su cika faɗa ba: waɗanda ke gida sun fi jinkirin samun ƙarin girma, kuma da aka gama gwajin wajen rabinsu suka zaɓi komawa ofis, da yawa saboda kaɗaici. A 2024 suka sake fitar da wani binciken a kan ma'aikata sama da 1,600 na wannan kamfani, waɗanda aka ba kwana biyu a gida, kwana uku a ofis. Aiki bai ragu ba, masu ajiye aiki kuma suka ragu da kashi ɗaya bisa uku. Ya kamata a lura cewa mutanen nan suna da wutar lantarki dare da rana, da intanet mai ƙarfi, da ɗakin da babu mai damunsu, kuma aikinsu ana ƙirga shi da na'ura. Wanda zai ɗauko sakamakonsu ya ɗora a kan sakatariyar ƙaramar hukuma sai ya fara duba ko yana da abin da suke da shi.

Sabis, wuta da kuɗin data

Aiki daga nesa yana tsaye ne a kan ƙafa uku, sabis da caji da data, kuma kowace daga cikinsu tana ɗingishi a yankinmu. Sabis yana da ƙarfi a hedikwatocin ƙananan hukumomi, amma da an nausa cikin ƙauyuka sai a ga mutane na neman tudu ko gindin wata bishiya da aka san yana kamawa. A garuruwan bakin iyaka ma akwai inda layin Jamhuriyar Nijar ya fi na gida kamawa. Wutar lantarki kowa ya san halinta, kuma a watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna. Saboda haka ma'aikacin ƙauye ya dogara ne ga mai shagon caji ko ƙaramin faifan sola. Data kuwa ta ƙara tsada tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Idan aka ce wa ƙaramin ma'aikaci ya riƙa aiko rahoto da hotuna kullum daga aljihunsa, to an rage masa albashi ke nan ba tare da an rubuta a takarda ba. Akwai intanet na tauraron ɗan'adam irin na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, kuma ba ya bukatar turken sabis, sai dai kuɗinsa na hukuma ne, ba na ma'aikaci ɗaya ba.

Babban gargaɗi shi ne abin da ya faru a watan Satumba na 2021. Bayan an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara a farkon watan, Gwamnatin Jihar Sakkwato ta wancan lokaci ta sanar da rufe su a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23, har da Sabon Birni da Isa, domin a katse hulɗar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Rana ɗaya waya ta zama madubi. Masu POS suka rufe, tura kuɗi ya tsaya, wanda ke son jin lafiyar iyayensa sai ya yi tafiya zuwa inda sabis yake ko ya ba direba saƙo kamar zamanin da. Ofishin da ya riga ya jefar da rajistarsa ta takarda ya dogara ga waya kaɗai, a irin wannan rana ba shi da abin da zai nuna. Ba mu ce za a sake rufewa ba, amma turken sabis yana iya lalacewa, mai yana iya yanke wa injinsa, ambaliya tana iya raba gari da gari. Duk tsarin da za a kafa a yankin nan dole ya zama wanda zai iya ci gaba da tafiya a ranar da waya ta yi shiru.

Wa ke ɗaukar nauyin nisan?

A nan ne muke son jami'an ƙananan hukumomi su tsaya su yi nazari sosai. Ƙidayar 2006 ta nuna Sabon Birni na da mutane sama da 200,000, Isa kuma kusan 150,000, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, waɗanda bukatarsu ga hukuma ba ta wuce 'yan abubuwa ba: a duba maras lafiya, a karɓi haihuwa, a koyar da yaro, a yi wa dabba allura, a raba rigimar gona, a sa hannu a takarda. A cikin waɗannan babu ko ɗaya da ake yi ta waya. Ungozoma ba ta karɓar haihuwa daga Sakkwato. Malamin aji ɗaya ba ya koya wa yaro riƙon alli ta WhatsApp. Malamin gona yana iya aiko saƙon murya, amma ranar da cuta ta kama albasa sai ya shiga fadama ya ciri ganye ya duba, domin gani ya kori ji.

Yanzu a kwatanta wani magidanci daga Tsamaye ko Tidibale, wanda ɗansa ya sami gurbin karatu ko zai shiga aikin soja, ana neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Ya sayar da tiyar gero ya yi kuɗin babur, ya bi hanyar da shi ma yake tsoro, ya iso sakatariya, sai masinja ya ce masa mai sa hannu yana aiki daga Sakkwato, ya dawo mako mai zuwa. Haɗarin hanyar da aka ɗauke wa jami'i bai ɓace ba, an dai sauke shi ne a kan wanda ya fi shi rauni, kuma sau biyu. Daga nan sai wani ya matso ya ce masa, “Baba, kawo wani abu in kai maka takardar can a sa hannu.” Jakada ya dawo ke nan, da sabuwar riga.

Har ila yau tsarin yana iya raba ma'aikata gida biyu. Masu manyan matakai, waɗanda aikinsu na biro da takarda ne, su ne ke da damar zama a birni, yayin da malaman firamare da ma'aikatan lafiya na mazaɓu da masu gadi, waɗanda albashinsu ya fi ƙanƙanta, su ne ke kwana a inda haɗarin yake. Idan ƙaramin ma'aikaci ya shekara bai ga shugabansa ya leƙo wurin aikinsa ba, ba a daɗewa shi ma zai nemi nasa uzurin. Dole kuma mu faɗi gaskiya, tun kafin a san wata kalma wai aiki daga nesa, ana kukan ma'aikatan da ba a ganinsu sai ƙarshen wata. Bai kamata sabon suna ya zama mayafin tsohuwar ɗabi'a ba. Mai aiki daga nesa yana da abin da zai nuna a ƙarshen mako, wayarsa a buɗe take a lokutan aiki, kuma idan aka kira shi zai zo. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, fashin aiki yake yi.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Aikin gwamnati a ofis ake koyonsa. Sabon ma'aikaci yana koyon buɗe fayil da rubuta takardar ofis da yadda ake karɓar dagaci ko mai unguwa ne ta hanyar zama kusa da wanda ya riga shi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, aikin hukuma da jama'a ma haka yake. Jami'in da ke zuwa jana'iza da ɗaurin aure a garin da yake aiki yana jin abin da ba za a taɓa rubuto masa a rahoto ba.

Sirrin aiki da tsaron rai

Wasiƙar Waziri tana da hatimi, saƙon WhatsApp ba shi da shi. Kowa na iya sa hoton shugaban ƙaramar hukuma a kan sabon layi ya aiko umurni, ko ya nemi a tura kuɗi cikin gaggawa. Duk umurnin da ya shafi kuɗi, ko canjin wurin aiki, ko ɗaukar ma'aikata, a tabbatar da shi ta kiran lambar da aka sani, a kuma bi shi da takarda mai sa hannu. Kada a ba kowa lambobin sirri da ake turowa ta waya, ko da ya ce daga banki yake.

Abin da ya fi wannan haɗari a yankinmu shi ne yaɗa labarin tafiya. Zauren WhatsApp mai mutum ɗari ba ɗakin taro ba ne, domin ba ka san hannun da wayar kowa take shiga ba. Ranar da za a kai kayan abinci ko magani wani gari, da sa'ar da tawagar riga-kafi za ta tashi, da hanyar da wani babba zai bi, ba abubuwan rubutawa a zaure ba ne. A faɗa wa wanda ya zama dole ya sani, shi kaɗai, a kuma lokacin da ya zama dole. Haka kuma sunayen marasa lafiya da na masu karɓar tallafi da lambobinsu na NIN amana ce, kuma tun watan Yuni na 2023 akwai dokar ƙasa ta kare bayanan jama'a da ta hau kan duk mai riƙe da su. Wayar da ke ɗauke da irin waɗannan bayanai bai dace a bar ta a shagon caji babu makulli ba, ko a miƙa wa yara su yi kallo da ita.

Matasa da matan aure

Yankin Gobir ya san cirani. Da an kammala girbi samari kan nufi kudu ko manyan birane neman kuɗi, su dawo da faɗuwar ruwa. Aiki ta intanet yana ba wasu damar akasin haka, wato mutum na zaune a garinsu aiki ya same shi: fassara tsakanin Hausa da Ingilishi, buga takardu, zanen talla, tattara bayanai ga ƙungiyoyin agaji, ko cike wa ɗalibai fom. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin koya wa matasa fasahar zamani, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa kuma tana ba ma'aikaci damar ƙaro ilimi ba tare da ya bar bakin aikinsa ba. Sai dai inda akwai nema akwai macuta. Aikin gaskiya ba ya cewa ka fara biyan kuɗin rajista, kuma ba ya alƙawarin ninka maka kuɗi cikin wata guda kana kwance. Waɗanda suka zuba dukiyarsu a MMM a 2016, da waɗanda suka zuba a CBEX a 2025, duk da irin wannan alƙawari aka jawo su.

Game da iyayenmu mata kuwa, su ne suka fi kowa sanin aiki daga gida, ko da yake ba a taɓa ba shi wannan suna ba. Mai ƙuli-ƙuli da mai fura da mai ɗinkin hula da mai saƙar tabarma duk daga cikin gida suke sana'arsu, yara ne ke haɗa su da kasuwa ta hanyar talla. Idan waya ta ɗauki rabin aikin tallan nan, mai saye ya kira ya yi oda ya turo kuɗi, yarinyar da ke yawo da tire da safe za ta iya zama a aji. A ganinmu wannan na daga cikin manyan amfanin da wayar salula za ta iya yi wa yankin, ko da yake ba shi ake tattaunawa a tarurruka ba.

Abin da muke ba da shawara a kai

Ga shugabannin sassa, abu na farko shi ne a zauna a rarrabe ayyuka, ba mutane ba. A duba kowane aiki a tambaya: idan mai shi ba ya nan, wane ne zai sha wahala? Idan amsar ita ce babu kowa, a bar shi ya yi daga inda ya fi masa aminci, a rubuta masa abin da ake so ya kammala kowane mako, a kuma yi masa tanadin data da caji. Idan amsar ita ce talaka, to kujerar ba ta zama babu kowa. Jami'in da zai yi nisa ya bar wakili mai cikakken ikon sa hannu, a rubuce, ba wanda zai ce “sai maigida ya dawo” ba. A riƙa yin karɓa-karɓa domin nauyin zama a gari kada ya tare a kan mutum ɗaya, manya su ma su ɗauki rabonsu. Kowane rahoto da aka aika ta waya a bar kwafinsa a rajistar takarda. Shi kuma ma'aikacin da ke aiki daga gida ya keɓe wa kansa wuri da lokaci, ya fahimtar da iyali da maƙwabta cewa zamansa a zaure da waya a hannu ba hira yake jira ba, ya kuma tabbatar layinsa na aiki yana haɗe da lambarsa ta NIN kada a wayi gari an rufe shi.

Ga jama'ar karkara kuma, kafin a kama hanya zuwa sakatariya a fara kira, ko a tambayi mai unguwa ko kansilan mazaɓa ko wanda ake nema yana nan, da irin takardun da za a zo da su. Mutanen gari ɗaya masu bukata iri ɗaya suna iya haɗa tafiyarsu. Su kuma ƙananan hukumomi zai yi kyau su tsayar da ranakun da kowa zai tabbata masu sa hannu suna kan kujerunsu, musamman ranar kasuwar gari, tun da a ranar ce mutanen ƙauye ke shigowa dama, motoci da babura suna da yawa, tafiya cikin ayari kuma ta fi aminci. A rubuta ranakun da lambar wayar ofis a liƙa a ƙofar sakatariya da ƙofar fadar hakimi, a ba limamai su sanar a masallatan Juma'a, a kuma aika wa gidan Rediyon Rima domin waɗanda ke nesa su ji.